Filin Tambaya da Amsa: Wa ke wanke kwanuka a ƙauyen da babu ubangida babu bara?

Masu karatu barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa a kan ƙauyukan nan ne da mutane ke kafawa da gangan, wato mutanen da ba dangin iya ba na baba su haɗa kuɗi su sayi fili a karkara su ce nan za mu zauna tare bisa dokokin da muka tsara wa kanmu. Na tsamo guda huɗu, sauran ku yi haƙuri, da yawanku tambayar ɗaya ce kuka sauya mata riga.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni dai wani bidiyo na gani a YouTube, mutane a daji suna cin abinci tare a wani dogon tebur, yara na wasa da awaki, kowa sai dariya, wallahi har na ji ina ma ni ce, don na gaji da hayaniyar birni da kuɗin haya. Da gaske haka rayuwar take? Me suke yi ne tun safe har dare? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Teburin gaskiya ne, awakin ma gaskiya ne, abin da mai kyamara bai nuna miki ba shi ne wanda ya tashi da asuba cikin sanyi ya tatsi shanu da wanda zai tsaya wanke tukwane bayan an gama dariyar. Bari in ɗauki ƙauye guda ɗaya in yi miki filla-filla, Twin Oaks da ke ƙaramar hukumar Louisa a jihar Bajiniya ta Amurka, an kafa shi a 1967 kuma har yau yana nan da mutane kusan ɗari, wanda a wannan harka tsufa ne sosai.

A can komai lissafin awa ne. An daɗe ana bin kowane baligi aiki na awa 42 a mako, daga baya suka ɗan rage. Za ki ce toh ai wannan aikin ofis ne, me aka gudu kenan? Bambancin shi ne abin da suke kira aiki. Girki aiki ne, shara aiki ce, raino aiki ne, kai mara lafiya asibiti aiki ne, kuma awa ɗayar mai wanke kwano daidai take da awa ɗayar mai gyaran tarakta ko mai riƙe asusu, babu wani wai ni na yi digiri. Ke da kika san yadda mace ke wuni a tsaye a gida amma a ce ai ba ta aiki, na san wannan zai burge ki, ni ma shi ya fi burge ni a tsarin nasu gaba ɗaya.

Kowane mako akwai takardar aiki, mutum ya cike abin da yake so da ranakun da yake so ya miƙa, sai wasu su zauna su daidaita takardun kowa da kowa har a tabbatar ba a bar kicin ba kowa ba ranar Talata ko shanu ba mai tatsa. In takardarki ta dawo sai ki ga misali da safe awa uku a lambu kina cire ciyawa, bayan azahar awa biyu a wurin yin awara, da yamma ki riƙe yara. Gobe kuma wani abu daban. Kusan komai zaɓi ne, in ban da wanke-wanken kicin, wannan kowa mai lafiya sai ya yi nasa zagayen, don sun gano tuntuni cewa in aka bar shi ga ganin dama to kwanukan za su kwana. In kin yi fiye da awanninki a tara miki ki ci hutu da su daga baya, in kin gaza ya zama bashi a kanki, kuma kowa na iya ganin lissafin. Tsofaffi ana rage musu awa a hankali yayin da shekaru ke ja.

Kuɗin da ƙauyen ke ci da shi daga sana'o'insu yake fitowa, sun shahara da saƙa ragar kwanciya irin wadda ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu, da awara, da harkar irin shuka da suke yi tare da maƙwabtansu na ƙauyen Acorn wanda aka kafa a 1993. A watan Maris na 2024 gobarar daji ta cinye musu ginin da suke harkar ragar, abin ya taɓa su ƙwarai. Abincin rana da na dare a babban ɗakin cin abinci ake yi tare, kowa na da ɗakin kwanansa shi kaɗai a gidan da yake zaune da wasu mutum goma ko fiye, amma banɗaki da falo na kowa ne. Akwai ma wani ɗaki cike da tufafi, ki shiga ki zaɓi riga ki sa, in ta yi datti ki jefa a wanki. Ba mai motar kansa, in kina son wani abu daga gari ki rubuta a 'yar takarda ki ajiye, mai zuwa gari ranar ya sayo miki a cire daga alawus ɗinki. Ba su karɓar mutum haka kawai, sai kin je baƙunta ta sati uku kin yi aiki da su, sannan ki koma gida su yi shawara a kanki. Masu zuwa neman hutu a sati ukun nan suke gane hanya.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne, tambayata ta kuɗi ce. In mutum ya shiga da dukiyarsa karɓewa ake yi? In ya kwanta ciwo wa zai biya? Kuma me zai hana malalaci ya kwanta ya ci gumin wasu?

AMSA: Ɗan'uwa ai dama ɗan kasuwa ba zai tambayi awaki ba. Amsar ita ce ba tsari ɗaya ba ne, kowane ƙauye da nasa. Waɗanda suka fi tsanani su ne Hutarawa, wasu Kiristoci masu jin wani karin Jamusanci da suka fara zaman tarayyar dukiya a 1528 a yankin Morabiya na Turai, aka ƙone jagoransu Jakob Hutter a 1536, suka yi ta gudun hijira har suka isa Amurka a shekarun 1870, yanzu yawancinsu suna Kanada da jihohin Dakota ta Kudu da Montana. Su kam asusu ɗaya ne, gona da injina da kaji duk na jama'a ne, mutum ba ya da komai sai kayan ɗakinsa. Kuma kar ka ɗauke su 'yan gargajiya masu noma da doki, manyan manoma ne masu injinan zamani. Ana buga ƙararrawa a taru a ci abinci, maza gefe mata gefe kowa a jere bisa shekarunsa, yara a nasu ɗakin daban, da yamma a yi ɗan gajeren zaman ibada. Dabararsu da nake jinjina wa ita ce in yawansu ya doshi 150 ba sa bari ya wuce, sai su sayi sabon fili su gina, su raba kansu biyu, a al'adance har ƙuri'a ake yi a ga ɓangaren da zai tashi. Dalilin a bayyane yake, in mutane suka yi yawa aikin yi ya yi kaɗan, muƙamai su yi kaɗan, tsegumi ya yi yawa.

A Twin Oaks ba a karɓe abin da ka zo da shi, amma ba za ka riƙa kashe shi a cikin ƙauyen kana fin sauran ba, abin da ka samu da guminka a can na kowa ne, su kuma su ɗauke maka ci da sha da wurin kwana da magani, su ba ka ɗan alawus na wata wajen dala ɗari. Sai kuma irin su Dancing Rabbit a jihar Misuri, 1997, fili eka 280, su kowa da aljihunsa, filin ne na haɗaka kana biyan haya kaɗan ka gina ɗakinka, da yawa da dammunan karan alkama da laka suke gini, wuta ta sola da iska, mota ta ƙungiya ce ka yi rajista ka ɗauka. Banɗakin ma bokiti ne ka gama ka zuba garin katako a kai, in ya cika wani ya ɗauka ya kai wurin taki, kuma wanin nan wata rana kai ne. Wannan ma ba a sa shi a bidiyo.

Maganar kuɗi kuwa ita ta fi kayar da su. The Farm a jihar Tenesi, Stephen Gaskin ya kafa da mutum wajen 300 a 1971, suka yi suna da ungozomominsu, jama'a suka yi ta kwarara har suka haura dubu, masu ci suka fi masu kawowa, bashi ya taru, a 1983 dole suka watsar da asusu ɗaya aka ce kowa ya nemi na kansa ya biya kuɗin wata, yawancin mutane suka kama gabansu. Ƙauyukan kibus na Isra'ila ma, wato ƙauyukan noma masu tarayyar dukiya, wanda na farkonsu Deganiya ne a 1910, bayan rikicin bashi na shekarun 1980 akasarinsu sun koma biyan albashi daban-daban gwargwadon aikin mutum. Malalaci kuwa, a wurin da mutum ɗari ke cin abinci tare kullum ido ma hukunci ne, in kunya ba ta yi aiki ba a kira shi zama, in ya ƙi gyaruwa a sallame shi.

TAMBAYA: Ba sa faɗa ne? Mu huɗu ne kawai a ɗakinmu a makaranta amma kullum sai an yi. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Suna yi mana, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne, kuma irin naku ne, wa ya bar kofi a kan tebur, karen wa ya shiga lambu, wa ya cika ƙarar waƙa. Da yawansu suna bin tsarin sai kowa ya yarda kafin a zartar da abu, to ka ƙiyasta mitin na awa uku a kan inda za a kafa kejin kaji. Shi ya sa Twin Oaks suka naɗa manajoji da masu tsare-tsare, sauran muhawarar kuma a rubuce, akwai bango da aka rataye alluna, mutum ya liƙa takardar ra'ayinsa wasu su zo su rubuta raddi a ƙasa. Kai ma ku gwada takardar zagayen shara a ɗakin naku, ku liƙa a bayan ƙofa.

TAMBAYA: Yaro, ni dattijo ne, kuma abin nan bai kwanta min ba. Mutane su bar danginsu su shige daji, ba nan ake lalata tarbiyya a koma bautar shugaba ba? Ina addini a ciki?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, tsoronka yana da tushe. A Jonestown da ke ƙasar Guyana, ranar 18 ga Nuwamban 1978, mutum fiye da 900 suka mutu bisa umarnin shugabansu Jim Jones, kuma wurin da sunan ƙauyen noma na zaman tare aka kafa shi. Sai dai ba a yi musu kuɗin goro ba. Wasu addini ne ginshiƙinsu kamar Hutarawa, wasu neman ruhaniya ce irin tasu kamar Findhorn a Sukotilan da aka fara a 1962 ko Orobil a kudancin Indiya a 1968, wasu kuma ba ruwansu da addinin kowa, kuma ba zan ɓoye maka ba, a wasunsu sha'anin aure da sutura a sake yake sosai ta yadda mai kamun kai ba zai iya kwana biyu ba. A Habasha akwai Awra Amba da Zumra Nuru ya kafa a yankin Amhara, babu masallaci babu coci a ciki, namiji ya yi kaɗi ya yi girki mace ta riƙe garma, maƙwabta sun taɓa tsangwamarsu har suka yi hijira, da suka dawo suka tarar gonar ta ragu shi ne suka rungumi saƙa, da ita suke kula da tsofaffinsu.

Wani abu da zai yi maka daɗi Baba, wani masani mai suna Richard Sosis ya bi tarihin irin waɗannan ƙauyuka kusan 200 na Amurka a ƙarni na 19, ya tarar na addini sun fi waɗanda ba na addini ba daɗewa nesa ba kusa ba, kuma a cikin na addinin waɗanda suka fi ɗora wa mabiyansu dokoki masu nauyi su suka fi jurewa.

In jikanka ya zo maka da maganar shiga wani, ka sa shi ya tambayi abu uku kafin ya ɗaura kaya: wa ke riƙe da littafin kuɗi kuma ana barin kowa ya duba, da sunan wa aka rubuta takardar filin, sannan in mutum ya ce zai tafi yau me yake fita da shi. Ya nemi lambar mutum biyu da suka taɓa zama suka bar wurin ya kira su, in masu wurin suka fara kame-kame a kan ba da lambar to ya zauna gida. Kuma fasfo ɗinsa ya kwana a aljihunsa, kar ya miƙa wa kowa ajiya.