Me ya sa bakin injin jiragen sama na yanzu ya fi na da faɗi?

Malam, ka tambayi dalilin faɗin bakin injin jiragen yanzu. Ai a nan tsimin mai yake. Yawancin iskar da ƙatuwar fankar gaba ke zuƙa ba ta shiga inda ake ƙona mai, gefe take bi ta fice ta baya, kuma ita ke ba da mafi yawan ƙarfin tura jirgin. Tura iska mai yawa a hankali ya fi arha kan tura kaɗan da gudu.

Sai dai fanka na son juyi a hankali, abin da ke juya ta daga ciki kuwa gudu yake so. Shi ne kamfanin Pratt & Whitney ya sa giya irin ta mota tsakaninsu: ciki ya juya kusan sau 3, fanka sau 1. Injin ya fara aiki a jirgin Airbus A320neo a 2016, ya rage shan mai da kusan kashi 16 cikin 100.

Ni abin da ya fi burge ni, ƙananan fukafukan can cikin injin, waɗanda zazzafar iskar da ke fitowa daga inda ake ƙona mai ke juyawa. Zafin wurin ya isa ya narkar da ƙarfensu, amma in ka duba ɗaya da kyau za ka ga ƙananan ramuka a jere, kamar an huda da allura. Ta nan iska mai ɗan sanyi ke fitowa ta lulluɓe shi.