Shin Kiɗa ne Ya Haukata Maurice Ravel?

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon fiyano. Na ga wani bidiyo a TikTok ana cewa Maurice Ravel, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, yana cikin hauka ya rubuta shahararren kiɗansa mai suna Boléro, wai maimaita kiɗa ɗaya ne ya taɓa masa kai. Abin ya tsaya mini a rai, don kawuna makaɗin kalangu ne, tun bara magana ke kakare masa, sunan 'ya'yansa ma sai ya yi ta lalube. A gida an ce aljanun kiɗa ne, har mahaifiyata ta ce in rabu da fiyanon. Me ya sami Ravel?

AMSA: Ɗana, Allah ya ba kawunka lafiya. Ka kwantar da hankalinka, ka kwantar wa Hajiya nata. Ravel bai taɓa haukacewa ba, kiɗa kuma bai yi masa komai ba.

Tunda kana buga fiyano, ba sai na tsaya dogon tarihi ba. An haifi Ravel a 1875 a Ciboure, dab da iyakar Sifaniya, ya yi karatu a hannun mai tsara kiɗa Gabriel Fauré a Paris, ya tuƙa motar sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ida Rubinstein, 'yar rawa 'yar Rasha, ita ta ba shi aikin Boléro, aka fara gabatar da shi a Paris ran 22 ga Nuwamba, 1928.

To, a ina haukan yake? Ƙaramar ganga tana buga zubi ɗaya har sau 169, cikin kusan minti 15. Karin waƙa biyu ne kacal ke karɓa-karɓa. Sarewa ce ke fara rera karin a hankali kamar raɗa, sai ta miƙa wa wani abin busa, shi ma ya miƙa gaba, kowane zagaye da sabon launin sauti, amo yana hawa kaɗan-kaɗan. Sai dab da ƙarshe Ravel ya fizge kiɗan daga mabuɗin C zuwa E, wato ya sauya matakin sautin da aka gina kiɗan a kai, na ɗan lokaci, ya dawo, komai ya rushe lokaci guda. Wannan lissafi ne na mutumin da ya san inda za shi tun kafin ya ɗaga alƙalami. Shi da bakinsa ya ce gwaji ne ya yi da gangan. In dai maimaici hauka ne, sai a ɗaure duk makaɗan kalangu da na kotso da muke da su.

Abin da masu bidiyon ba sa faɗa: bayan Boléro, tsakanin 1929 da 1931, ya rubuta manyan ayyuka biyu na fiyano da ƙungiyar makaɗa. Ɗaya na hannun hagu zalla ne, don makaɗin fiyano Paul Wittgenstein wanda ya rasa hannun dama a yaƙi. Jarraba shafi ɗaya nasa, ka zo mu yi maganar hauka.

Gaskiya ne Ravel ya yi ciwon ƙwaƙwalwa, amma daga baya ya bayyana sosai. A Oktoban 1932 ya yi haɗari a tasi a Paris. A 1933 ya shiga teku, shi da ya ƙware a iyo, sai hannu da ƙafa suka ƙi bin umarninsa. Rubutu ya gagare shi, sa hannu ma ya zama aiki, kalmomi suka riƙa ɓace masa. Amma likitan ƙwaƙwalwa Théophile Alajouanine, wanda ya duba shi, ya tarar in aka buga masa kiɗansa aka yi kuskure, nan take yake ganewa. Kiɗa na nan cike da kansa, hanyar fitar da shi ce ta toshe. An yi masa tiyata a kai a Disamban 1937, ba a sami ƙari (tsiro) a ƙwaƙwalwarsa ba, ya rasu ran 28 ga watan yana da shekara 62. Wasu likitoci sun yi hasashen ko ciwon ya fara taɓa shi tun zamanin Boléro, amma hasashe ne, don ba a binciki gawarsa ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ƙona mini rai, don kullum sai na ji shi. Mutum ya kasa furta kalma, sai a ce ya zautu, ko an yi masa jifa, in makaɗi ne kuwa an huta da bincike, aljanunsa ne suka juya masa baya. Daga nan sai a kai shi wurin boka, a turara shi da hayaƙi har ido ya yi ja, a sayar da akuya, a sayo garin magani wurin mai lasifika a tasha wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin basir da ciwon koda da sammu. Mafi muni, sai a daina yi wa mutumin magana, a riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya nan, alhali yana ji, yana fahimta, bakin ne kawai ya ƙi. Ku ji tsoron Allah! Ƙwaƙwalwa gaɓa ce, tana ciwo kamar kowace gaɓa, sashen magana daban, sashen hankali daban. Addu'a ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba. Wata guda da aka ɓata a gidan boka, wata guda ne da ciwon ya samu yana cin gaba.

Ni malamin kiɗa ne, ba likita ba, don haka ku kai kawu asibitin koyarwa, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a auna hawan jini da suga, a ɗauki hoton kai. Abin da ke ɗauke magana yana da yawa, wani ana maganinsa, wani ana rage masa gudu. In kuma wata rana baki ya karkace ko hannu ya saki farat ɗaya, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a lokacin za a tafi, ba a jiran gari ya waye. Kai kuma ka koma kan fiyanonka, ka karanta wa Hajiya wannan amsar.