Guzuri, Goro da Saƙon Maƙwabciya: Abin da Kwastam Ke Dubawa a Wurin Mai Tafiya Umara

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ce zan raka mahaifiyata Umara, daga Kano za mu tashi, kuma ban taɓa fita ƙasar waje ba. Zan riƙe kusan dala 12,000. Wasu na guzurinmu ne, sauran na 'yan'uwa ne da suka ba ni in sayo musu gwal da abayoyi. Hajiya tana shan maganin hawan jini da na ciwon gwiwa, kuma ba ta rabuwa da goro. Sannan wata maƙwabciyarmu ta roƙe ni in kai wa 'yarta da ke zaune a Jidda wata 'yar jaka. An ba ni shawara in rarraba kuɗin cikin kaya kada kwastam su gani, wai in sun gani sai sun cire nasu. Mene ne gaskiya? Kuma in mun dawo, me zan biya a kan tsaraba?

*Mai karatu daga Zariya*

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa ku je lafiya ku dawo lafiya.

Wanda ya ce ki cusa kuɗi cikin kaya, ko dai bai san doka ba, ko kuma bai taɓa ganin wanda aka raba da dukiyarsa a filin jirgi ba. Fita da dala 12,000 daga Nijeriya ba laifi ba ne. Ɓoye su ne laifi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce duk wanda zai fita ko zai shigo ƙasar nan da tsabar kuɗi, ko takardun da ke daidai da kuɗi, da suka haura dala 10,000, wajibi ne ya bayyana wa Hukumar Kwastam. Wanda bai bayyana ba, in kotu ta same shi da laifi, za a iya ƙwace kuɗin da ya ɓoye, ko a ɗaure shi aƙalla shekara 2, ko a haɗa masa duka biyun. Bayyanawar kuwa kyauta ce. Babu haraji a kanta, babu kason kowa. Fom ne za ki cike a teburin kwastam kafin ki shiga ɗakin jiran jirgi: sunanki, lambar fasfo, nawa kike ɗauke da shi, daga ina ya fito, me za ki yi da shi. Za su iya cewa ki fito da kuɗin a ƙirga a gabanki. Ki karɓi shaidarki ki ajiye tare da fasfo.

A lura, adadin jimilla ake yi. In kina da dala 8,000 da riyal 10,000, kin riga kin haura, domin dala ɗaya riyal 3.75 ce. Mutane da yawa a nan suke faɗawa: suna ƙirga dalar kawai, su manta da riyal da yuron da ke cikin ƙaramar jaka.

Abin da ya fi fom ɗin muhimmanci shi ne amsar tambayar "ina kika samo?" Tunda kuɗin jama'a ne, ki rubuta sunayen masu shi da abin da kowa ya bayar, ki adana saƙonnin banki na waɗanda suka turo miki. In a Wapa za ki yi canji, ki je wurin mai rajista ya ba ki rasidi mai tambari. Guzurin Hajiya, in dai nata ne na gaske, ta riƙe abinta a jikinta, ba laifi. Amma kada ki gutsura kuɗin mutane ki danƙa mata don kawai kowa ya sauka ƙasa da 10,000. Ranar da aka tambayi tsohuwa na wane ne, gaskiya za ta faɗa, kuma daga nan magana ta koma wata.

A watan Maris na 2025 kwastam na filin jirgin Malam Aminu Kano sun kama fiye da dala miliyan 1 da dubu 100, da riyal 135,900, a cikin kwalayen dabino na wata fasinja da ta sauko daga Saudiyya. Aka miƙa maganar ga hukumar yaƙi da almundahanar kuɗi, EFCC, kotu ta mallaka wa gwamnati kuɗin. Na'urar haska kaya tana nuna damin takarda a tsakiyar dabino kamar yadda za ki ga dutse a cikin tsaba.

Can Saudiyya ma suna da nasu ma'aunin. Hukumar zakka da haraji da kwastam, wadda ake kira ZATCA, ta daɗe tana amfani da riyal 60,000, kuma ba tsabar kuɗi kaɗai take ƙirgawa ba, har da gwal da duwatsu masu daraja, shiga da fita. Dalarki 12,000 riyal 45,000 ce. Ki ɗora sarƙa da awarwaron da ke jikinki da farashin gwal na yau, za ki ga kin kusa. Irin waɗannan adadai kuma hukumomi kan sauya su. Shawarata, ki shiga shafin ZATCA kafin tafiya ki duba adadin da ke aiki, ki cike fom ɗinsu ta intanet, ki bi ƙofa mai jan alama in kun sauka. Ba a taɓa hukunta mutum don ya bayyana abin da bai kai a bayyana ba. Bin ƙofa mai koren alama kuwa, ko ba ki buɗe baki ba, kin ce "ba ni da abin bayyanawa" ke nan, kuma da wannan za a kama ki in an samu saɓanin haka.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, wato jakar maƙwabciya.

Malama, a filin jirgi babu "saƙo ne aka ba ni". Duk jakar da aka liƙa wa takarda mai sunanki, taki ce, da abin da kika sani a ciki da wanda ba ki sani ba. Saudiyya kuma ƙasa ce da ke yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, an kuma zartar da shi a kan 'yan Nijeriya. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina a watan Disamba na 2018 ba, bayan an samu tiramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Ita ko ganin jakar ba ta taɓa yi ba. Sai da binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ya gano wasu ne a filin jirgi suka liƙa sunanta a kayan da ba nata ba, sannan aka sako ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata huɗu a tsare. Wannan wadda ba ta karɓi komai ba ke nan. Ina ga wadda ta karɓa da hannunta, ta kai awo da kanta?

Na san nauyin da ke cikin cewa maƙwabciya a'a. Za a ce kin samu tafiya kin canza. Akwai hanyar da ba za ta ɓata zumunci ba: ki ce ta kawo kayan ba tare da jakar ba, ku zazzage su a tabarma ke da ita, ki ɗaga kowane abu ki gani, sannan ki zuba cikin taki jakar. Atamfa, takalmi, hula, waɗannan ba matsala, amma takalmin ma ki lanƙwasa shi ki ji. Duk abin da yake a ƙulle, ko gari ne a leda ba suna, ko gwangwanin da aka buɗe aka sake rufewa, ko magani kowane iri, ki mayar mata. Ita kanta wataƙila wani ne ya ba ta. In ta ce ba a buɗewa, to ta ba ki amsa.

Ranar tafiya ki tsaya a kan kayanki har a gama awo. Ma'aikacin zai liƙa doguwar takarda a hannun kowace jaka, ya manna miki ƙananan a bayan takardar shiga jirgi ko fasfo. Ki ƙirga su a wurin. Jaka biyu kika bayar, ƙananan takardu biyu za ki gani. In uku ne, kada ki motsa daga gaban teburin sai an yi miki bayani an soke ta ukun. Ki ɗauki hoton jakunkunan da takardunsu da wayarki. Kada ki bai wa wani ɗan taimako fasfonku ya je ya yi muku awo kuna zaune. Akwai kuma masu zuwa a layi da ladabi, "Hajiya, kayana sun yi nauyi, ko za ki taimaka da guda ɗaya?" Na taɓa ganin wata dattijuwa ta miƙa hannu za ta karɓa, jikanta ya riƙe mata gyale ya ce, "Iya, an hana." Yaron bai fi shekara goma sha biyu ba, amma a ranar ya fi kowa a layin hankali.

Goron Hajiya sai haƙuri. Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma duk shekara Hukumar Alhazai da hukumomin jihohi suna nanata wannan a wurin bita. Za ki ji ana cewa wance ta wuce da shi a cikin kwalin sabulu. Wataƙila ta wuce. Amma ƙwarya ɗaya ta goro ba ta kai a tsare tsohuwa a Jidda da harami a jikinta ba. Ta ci rabonta kafin a hau jirgi. Layu da guraye ma a bar su a gida, domin can kallon kayan sihiri ake yi musu, kuma ba sa wasa da wannan. Haka garin magani na gargajiya da kayan mata: jami'in da bai san su ba, abin da zai yi shi ne ya aika a gwada, ke kuma ki zauna jiran sakamako. Kilishi da dambun nama ki haƙura da su, nama na cikin abin da ƙasashe suka fi tsanantawa a kai. Ɗan yaji ko kuka daidai na ci, a cikin mazubi mai nuna abin da ke ciki, ya fi sauƙin bayani, duk da haka jami'i na da ikon cirewa.

Maganin hawan jini ba shi da matsala. A bar shi a kwalinsa na asali, daidai kwanakin tafiya da ɗan ƙari, tare da takardar likita mai sunan Hajiya kamar yadda yake a fasfo. Kada a ɓare ƙwayoyi a haɗa su cikin leda ɗaya, yadda iyayenmu suka saba. Na ciwon gwiwar ne nake so ki karanta kwalinsa yau ɗin nan. In akwai tiramadol ko kodin a ciki, ya shiga jerin magungunan da ake sa wa ido, kuma sai an nemi izini daga hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, SFDA, ta shafinta na intanet, da rahoton likita. Mafi sauƙi, ki koma wurin likitan ki gaya masa inda za ku, ya sauya mata da wanda ba ya cikin jerin.

Sai dawowa. Kayan da kika tafi da su, da abin amfanin kanki, ba a biyan kuɗin fito a kansu. Gwal ɗin da za ki saka daga gida, ki ɗauki hotonsa kafin tafiya, in akwai rasidinsa ki riƙe, don kada a lissafa shi cikin sabo. Sababbin kaya kuwa, tun watan Satumba na 2025 kwastam suka sa dala 300 a matsayin darajar da ba a biyan fito a ƙasa da ita, har sau huɗu a shekara. Carbi, dadduma, turare, ɗan dabino, jallabiyar yara, galibi nan suke faɗawa. Abin da ya wuce haka ana kimanta shi. Nijeriya na bin jadawalin fito na ECOWAS mai matakai biyar, kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma ɗinkakkun tufafi suna matakin kashi 20, ga harajin VAT na kashi 7.5, da wasu ƙananan caji.

Jami'i ba ya tambayar niyyarki, yawan kayan yake kallo. Abaya uku masu launi daban-daban tsaraba ce. Abaya talatin a ledojinsu, iri ɗaya, girma daban-daban, kasuwanci ne, ko da kin rantse na 'yan'uwa ne. 'Yan Kano-Jidda sun san wannan, shi ya sa suke sa kuɗin fito cikin lissafinsu tun daga gida. Ke ma ki gaya wa masu saƙon gwal da abaya tun yanzu cewa in an caji fito, kowa zai biya na kayansa, kada ki dawo ki cika daga aljihunki. Ki karɓi rasidi a kowane shago, musamman na gwal, mai nuna nauyi da karat da farashi. In babu rasidi, jami'in ne zai sa darajar, kuma da wuya ya sa ƙasa da yadda kika saya. Wannan rasidin ne kuma za ki nuna wa ZATCA a Jidda ko Madina in gwal ɗin ya kai adadin bayyanawa.

In an kimanta, ki nemi takardar kimantawa, ki biya ta hanyar da hukuma ta tanada, ki karɓi rasidi. Kuɗin da aka karɓa a hannu ba takarda bai shiga asusun gwamnati ba, kuma ba zai kare ki ba in wani jami'in ya sake tare ki a gaba. In kin ga kimantawar ta yi yawa, ki ce cikin ladabi kina son ganin babban jami'in da ke bakin aiki. Haƙƙinki ne. Kuma in kuɗin da ya rage a hannunki ya haura dala 10,000, wannan fom ɗin dai za ki sake cikewa a Kano.

Zamzam ba maganar kwastam ba ce, ta kamfanin jirgi ce da hukumomin Saudiyya. Kada ki ɗura shi a jarka ki tura cikin akwati, za a buɗe a cire. Wanda aka yarda da shi shi ne mai lita 5 da aka rufe a kwalinsa, ana sayensa a filin jirgi, ɗaya ga kowane mai Umara. Ki tambayi kamfanin da ya yi muku biza ko jirginku yana ɗauka, tun kafin Hajiya ta yi wa rabin unguwa alkawari.