Ina Zan Kai Rubutuna Don Shafina Ya Samu Maziyarta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin intanet da nake rubutu a kai kan kiwon kaji, da Hausa, tun daga zaɓen 'yan tsaki har zuwa rigakafi. Na kusa shekara ina yi, amma masu shiga ba su taka kara sun karya ba. An ce in riƙa kai rubutuna wasu shafukan, su kuma su saka linkin da zai dawo da mutane wurina, wai hakan na sa Google ya ɗaga shafina sama. Ina ne ya dace in kai? Akwai kuma wanda ya ce in ba shi naira 15,000 ya samo min linki 500. Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Mai neman 15,000 ɗin nan, kada ki ba shi ko sisi. Gaskiya ne tun kafuwarsa a 1998 Google yana ɗaukar linki a matsayin shaida: idan wani shafi ya nuno naki, kamar ya ce wannan ta san abin da take faɗa. Amma mutane sun mayar da abin kasuwanci, shi ya sa a 2011 ya fito da tsarin Panda, wanda ya karya darajar rumbunan tara rubutu barkatai irin su EzineArticles, a 2012 kuma ya ƙaro Penguin don maganin linkin bogi. Sayen linki ya saɓa wa ƙa'idarsa. In kin yi sa'a ya yi watsi da su, kuɗinki ya tafi a banza. In ba ki yi ba, ya danne shafin da kika sha wahala a kansa.

Buƙatunki biyu ne, kuma ba lallai wuri ɗaya ya biya su ba: masu karatu, da linkin da Google ke girmamawa. Tun 2005 akwai wata alama mai suna nofollow da shafuka ke liƙa wa linki, wadda ke gaya wa Google cewa ba su tsaya wa shafin da aka nuna ba. Medium, shafin da kowa ke iya buga rubutunsa a kai, wanda aka buɗe a 2012 kuma kowa ke ambata, yana saka ta. Wikipedia ma haka, har da ta Hausa, ga shi editocinta na goge duk abin da ya yi kama da talla. A Medium kuma yawancin masu karatu na Turanci ne, mai kaji 200 a gidansa a Talatar Mafara ba can zai neme ki ba. LinkedIn, dandalin ma'aikata da kamfanoni, zai yi miki amfani ne kawai idan kina son kamfanonin abincin kaji da likitocin dabbobi su san da ke.

Inda nake so ki zuba ƙarfinki shi ne wurin da edita ke karanta rubutu kafin ya buga. Aminiya, Leadership Hausa da Premium Times Hausa duk suna intanet, kuma jama'arki suna karanta su. Ki rubuta musu sabon abu wanda ba ki buga ko'ina ba, ki kuma dace da lokaci. Gab da hunturu, yadda ake ɗumama ɗakin 'yan tsaki. Wata biyu kafin Sallah, lissafin ranar da ya kamata a zuba kajin nama, tun da sati 6 zuwa 8 suke yi su isa sayarwa. Lokacin da ake maganar murar tsuntsaye, alamominta da abin da mai kiwo zai fara yi. A ƙarshe ki sa layi ɗaya mai sunanki da adireshin shafinki, ki roƙi edita ya bar shi. Wani zai bari, wani sunanki kawai zai buga, kuma ko hakan riba ce, don mutane za su nemo ki da sunan. Haka nan shafukan masu sayar da abincin kaji da ƙungiyoyin makiyaya: linki guda daga irinsu ya fi min 500 ɗin can nesa ba kusa ba, saboda harkarku ɗaya.

Masu karatu kuwa suna Facebook da zaurukan WhatsApp na masu kiwo. Kada ki jefa linki tsirara ki wuce. Idan wani ya tambayi yaushe ake ba da rigakafin cutar kaji ta Gumboro, ki amsa masa a taƙaice, sannan ki ce cikakken jadawalin na shafinki.

Kullum ki fara bugawa a naki shafin. Idan kina son kwafa zuwa Medium, yana da hanyar shigo da rubutu da ke nuna wa Google inda asalinsa yake, ita za ki bi. Sai ki yi rajista da Google Search Console, kyauta ne. A ciki za ki ga shafukan da suka saka linkinki da kalmomin da mutane ke rubutawa kafin su faɗo wurinki. Daga cikin kalmomin nan za ki zaɓi taken rubutunki na gaba. Allah ya sa albarka a kiwon.