Amsa ga ƙanena mai son karanta ƙera na'urorin asibiti a Jamus

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka gama digirin injiniyan lantarki a Kano, kana bautar ƙasa, ranka kuma na son digiri na biyu a fannin ƙera na'urorin asibiti a nan Jamus. Sai dai tun sakandare kai da bayoloji ba kwa ga maciji, shi ne kake tambaya ko akwai hanyar kauce masa.

Babu, kuma da akwai ma ba zan nuna maka ba. Shekarata shida ina aikin na'urorin da ake manna wa jikin mutum, kuma abin da na gani shi ne ku masu lantarki kun fi kowa saurin gane jijiyar da ke kai saƙo a jiki. A lokacin da take hutawa, ma'aunin lantarkin cikin ƙwayar jijiya yana ƙasa da na wajenta da kusan milibolt 70. Idan saƙo ya zo, wasu ƙananan ƙofofi a fatarta su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, ma'aunin ya haura sifili, sannan fotasiyam ya fita komai ya koma yadda yake. Duk wannan ya ƙare kafin ƙiftawar ido. Jijiyar da ke sanye da rigar kitse, kamar robar da ke jikin waya, saƙonta kan yi gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, tsirararta kuwa da ƙyar ta wuce mita ɗaya ko biyu. A 1952 Hodgkin da Huxley na Ingila suka zana fatar jijiya da kafasita da resista da batir, irin zanen da ka saba yi a aji biyu, aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1963. Hannun robar da kamfanin Ottobock na garin Duderstadt ke ƙerawa da irin wannan lantarkin yake motsi: ana ɗora ƴan ƙarafa a fatar dungun, su ɗauki abin da tsoka ke fitarwa, ƙaramin injin lantarki ya buɗe yatsu ko ya rufe. Wanda bai san tsoka ba, bai san abin da gumi ke yi wa wannan saƙo ba, zai ƙera abin da ke aiki a kan tebur kawai.

Tsirrai ma kada ka raina su. Ka tuna yadda ƙarangiya ke maƙale mana a wando idan mun ratsa gona? Wani injiniyan Suwizalan, George de Mestral, irin haka ya same shi a 1941 da ƙayar wata ciyawar ƙasarsu a jikin karensa. Ya duba ta a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi, daga nan Velcro ya fito, wanda ke jikin takalman yara. Wilhelm Barthlott na jami'ar Bonn kuma ganye ya ƙura wa ido, ya gano dalilin da ruwa ke mirginawa a kansa ya tafi da datti, yanzu har fentin bango ake yi da dabarar. Zuba ruwa a ganyen gwaza ka gani da idonka. Abin yakan taɓa ni, domin da waɗannan abubuwa muka tashi, ba wanda ya taɓa ce mana ilimi ne.

Batun kuɗi: a 2025 sai ka nuna Yuro 11,904 a rufaffen asusu kafin biza, adadin kuma yakan ƙaru. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai na rajistar zango, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba. Duba Erlangen da Aachen da Lübeck, duk suna da kwas da Turanci. An yarda ɗalibi ya yi aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara, bayan kammalawa kuma akwai wata 18 na neman aiki. Jamusanci ka fara shi yau. Da Turanci za ka ci jarrabawa, amma ma'aikaciyar jinya da za ta gaya maka inda na'urarka ke cutar da majiyyaci da Jamusanci za ta yi magana.

Kafin ka gama bautar ƙasa, je sashen gyaran na'urori na wani babban asibiti ka roƙi su bar ka kana zuwa ko sau ɗaya a mako. Buɗe na'urar auna bugun zuciya da ta lalace, ka bi wayoyinta, ka tambayi abin da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta suka yi mata. Wannan za ka rubuta a takardar neman gurbi. Turo min sakamakonka mu duba darussan da za su ƙirga maka. Ka gaida Mama.