Kun Tambaya: Me ke raba taurarin ɗan'adam biyu da ke tafiya tare?

Tambaya: Malam, na ji ana harba taurarin ɗan'adam biyu su riƙa tafiya kusa da juna. Tunda gudunsu ɗaya, me zai raba su?

Amsa: Ɗan'uwa, girman falaki, wato hanyar da tauraro ke bi yana zagaya duniya, ake dubawa kafin gudu, domin shi ke yanke tsawon lokacin zagaye. In matsakaicin tsayin falakin ɗaya ya fi na ɗayan da mita 1 kacal, na ƙasa zai tsere da kusan mita 9.4 a kowane zagaye. A tsayin kilomita 500 ana zagaye 15 a rana, ka ga mita 140 ke nan kullum. Sai a fara daidaita wannan.

Sai dai duniya ta kumbura a ikwaita, inda ta fi nisa daga tsakiya da kimanin kilomita 21 in aka kwatanta da ƙuryar arewa ko kudu. Kumburin yana murɗa shimfiɗar falaki a hankali, gwargwadon yadda falakin ya karkata daga ikwaita. Falakai biyu masu bambancin karkata sai su riƙa buɗewa. Kumburin yana kuma sa ma'aunin girman falaki ya yi ta hawa da sauka da kilomitoci cikin zagaye guda. Nan ake yawan kuskure: a daidaita ma'aunin daƙiƙa ɗaya, alhali matsakaicin na zagaye cikakke ake buƙata.

Akwai kuma ragowar iska a can sama, wadda ke jan tauraro yana sauka a hankali. Wanda ya fi faɗi ga nauyinsa ya fi saurin sauka, shi ya sa ake ƙera su kusan iri ɗaya. Dubi TerraSAR-X da TanDEM-X na Jamus, da aka harba a 2007 da 2010: suna tsayin kilomita 514, tazararsu 'yan ɗaruruwan mitoci. An ɗan bambanta siffa da shimfiɗar falakansu yadda suke murɗe juna kamar igiya. Inda tazarar gefe ta ƙare, ta sama da ƙasa tana nan. Wannan dabara ta fi burge ni, don ko an kuskure lissafin gaba da baya, ba za su yi karo ba.

Tambaya: To in ɗaya ya koma baya, ba sai a tura shi gaba ba?

Amsa: A'a, baya za ka tura shi. Turin gaba yana ɗaga falaki, zagaye ya tsawaita, ya ƙara komawa baya. Rage masa gudu da milimita 1 a daƙiƙa, zai matso da kusan mita 17 kowane zagaye. Ya iso, sai ka mayar masa da abin da ka rage.