Ciki a kan goyo: ya halatta in sha ƙwayar zubarwa kafin sati goma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Aboabo, Kumasi. 'Ya'yana uku, ƙaramin watansa bakwai, kuma aiki aka yi mini aka ciro shi. Tun da na haihu ban ga al'ada ba, sai kasala da tashin zuciya suka dame ni. Kwana goma da suka wuce na je asibiti aka yi mini sikanin, aka ce ciki ne na sati takwas. Malam, hankalina ya tashi. Ɗinkin bai daɗe da warkewa ba, yaro yana kan nono, ga surutun dangin miji. Wata ƙawata da muke kasuwa tare a Kejetia ta ce akwai ƙwaya a kantin magani da ke fitar da ciki in bai wuce sati goma ba, ta ce in yi sauri kafin lokaci ya ƙure. Ta kuma ce ta ji wani malami a waya yana cewa kafin kwana 120 babu rai, jini ne kawai, babu zunubi. Maigida direba ne, yana hanyar Bawku, ban gaya masa ba. Ya halatta in sha?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah Ya yaye miki wannan damuwa. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki kai hannu. A halin da kika bayyana bai halatta ki sha wannan ƙwaya ba, sai in likita ƙwararre ya duba ki ya tabbatar cikin zai cutar da ke cuta mai tsanani, kuma ko a nan ɗin ba a ɗakinki za a yi ba.

Ɗauko takardar sikanin mu yi lissafi, don a nan hukuncin yake. Likitoci suna fara ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato kusan sati biyu kafin cikin ya shiga. Ko macen da ba ta ga al'ada ba irinki, na'urar da wannan ma'aunin take ba da adadi. Malaman fiƙihu kuwa daga shigar cikin suke ƙirga kwana arba'in da kwana 120 da suke rataya hukuncin zubar da ciki a kansu. Sati takwas kwana 56 ne, ki ƙara goman da suka wuce, 66. Cire 14, saura 52. Ko da na'urar ta yi kuskuren 'yan kwanaki, kin haye arba'in. Mata da yawa suna rikicewa a nan, har da masu ba su fatawa. Kwana 120 na malamai ya yi daidai da kusan sati 19 a takardar asibiti, arba'in kuma bai cika sati takwas ba.

Me ya sa na tsaya a kan arba'in? Mu nan Zango fiƙihun Malikiyya muka tashi a kai, kuma abin dogaro a mazhabar, kamar yadda Shehu Dardir ya rubuta a sharhinsa na Mukhtasar, shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da kafin kwana arba'in. Lakhmi, ɗaya daga cikin malaman mazhabar, shi ne ya sassauta kafin arba'in, Hambalawa ma suna da irin wannan sauƙin. Da kin zo cikin waɗannan kwanaki da uzurin lafiya, da akwai abin da zan kama miki. Wannan ƙofa ta rufe. Bayan busa rai kuwa haramun ne da ijma'i, sai don ceton ran uwa.

Satin goman da ƙawarki take tsorata ki da shi ba iyakar shari'a ba ce. Ma'aunin masu magani ne, suna duba lokacin da ƙwayar ta fi aiki da ƙarancin haɗari ga mace. Ƙwayoyi biyu ne, mifepristone da misoprostol, na biyun shi ne wanda aka fi sani da Cytotec. Hukumar magunguna ta Amurka da ta amince da mifepristone a 2000 kwana 49 ta sa, a 2016 ta ƙara zuwa 70. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagoranta na 2022 ta kai maganar sha a gida zuwa ƙasa da sati 12. Adadin da ke matsawa duk lokacin da aka yi sabon bincike ba a gina halal da haram a kansa. Amfaninsa ɗaya a gare mu: yana nuna cewa duk satin da ya ƙaru, zubar jini da yiwuwar ragowar ciki ya maƙale suna ƙaruwa.

Sai maganar malamin waya. Ban ji shi da kunnena ba, wataƙila an yanke maganarsa ne aka yaɗa rabi, amma ra'ayin yadda ya iso gare ki ya yi yawa a wayoyin mata, don haka zan daɗe a kansa. Hujjar masu wannan ra'ayi hadisin Ibn Mas'ud ne, cewa tayi yana yin kwana arba'in sau uku sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Hadisin ya inganta, babu mai musu. Sai dai abin da ya faɗa shi ne lokacin busa rai. Bai ce abin da ke gabanin haka banza ba ne wanda za a zubar in an ga dama. Wanda ya ciro halacci daga nan ya ɗora wa hadisin abin da bai ɗauka ba. Kuma akwai hadisin Huzaifa ɗan Asid a Muslim, cewa idan dare 42 ya wuce wa ɗigon maniyyi Allah Yana aiko mala'ika ya suranta shi, ya halicci jinsa da ganinsa da fatarsa da namansa da ƙashinsa. Ke kina kwana 52. A sati takwas na asibiti ana ganin bugun zuciya a allon sikanin, ina jin ma an juyo miki allon kin gani. Wa zai kalli wannan ya ce jini ne kawai?

Za su ce ai Hanafiyya sun halatta. To a koma littattafansu a karanta har ƙarshen shafi. Waɗanda suka halatta sun rataya maganar ne a kan cewa halitta ba ta bayyana ba, suka ɗauka ba ta bayyana sai bayan kwana 120. Ibnul Humam, babban malaminsu, shi da kansa ya ce in ba busa rai suke nufi ba to wannan kuskure ne, domin ana ganin halitta da ido kafin wannan lokaci. Ƙadi Khan ya ƙi yarda da halaccin kai tsaye, ya kafa hujja da wanda ya ɗaura haramin Hajji ko Umra da ya fasa ƙwan tsuntsun farauta: ana bin sa fansa saboda ƙwan shi ne asalin tsuntsun, to ina ga asalin ɗan Adam? Ya ce mai zubarwa babu uzuri tana da zunubi, ko da bai kai na kisa ba. Na bayansu suka ɗauki halaccin a kan halin uzuri. Misalin uzurin da suka kawo kuwa ya yi kusa da ke sosai, shi ya sa ba zan ɓoye miki shi ba: mai shayarwa ta yi ciki, nono ya ɗauke, uba ba shi da abin ɗaukar mai shayarwa, ana tsoron jaririn ya mutu. Sharuɗɗa huɗu ke nan. Ɗanki watansa bakwai, ya isa shan koko da abinci mai laushi, ba ki ce nono ya ɗauke ba, ga madarar jarirai a kanti ko da kuɗinta ya yi ciwo. Tsoron mutuwarsa bai tabbata ba. Ko a mazhabar da ake fakewa da ita ba ki shiga ba tukuna. A wurin Imam Malik kuma, wanda ya jawo ɓarin gudan jini da aka san ɗa ne ana bin sa gurra, ushirin diyyar uwa. Ba a sa diyya a kan abin da ba shi da alfarma. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 1990 ta ba da dama kafin kwana 120, amma ga tayin da kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar yana da mummunar nakasa marar magani, kuma da buƙatar iyaye biyu. Da halas ne a sake, da ba su wahalar da kansu da waɗannan sharuɗɗa ba.

A cikin dalilanki uku, surutun dangin miji ba uzuri ba ne. Kwanika ba abin kunya ba ce, da aurenki. Shayarwa da ciki ma ba haramun ba ce: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hanawa, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, ya bari. Kada wata tsohuwa ta sa ki yaye yaro dare ɗaya da sunan nono ya lalace. Ki tambayi nas a wurin awo, ki kuma ƙara cin abinci, jiki ɗaya ke ciyar da uku.

Ɗinkin shi ne dalilin da nake ɗauka da nauyi. Cikin nan ya shiga wata biyar da yi miki aiki, kuma likitoci suna son tazara mai tsawo bayan tiyata saboda tabon mahaifa ya yi ƙwari. Amma mata da yawa sun ɗauki irin wannan ciki sun sauka lafiya da kulawar asibiti, galibi a sake yi musu aiki a ranar da aka tsara. Ni ba likita ba ne, ƙawarki ma haka. Ki je wurin likitan mata a cikin satin nan, asibitin Komfo Anokye bai yi miki nisa ba. Ki tafi da katin haihuwar baya da takardar sikanin, ki tambaye shi a fili: ina cikin ya zauna, yaya tabon yake, akwai haɗari ga raina in na ci gaba? In ya ce za a iya kula da ke, magana ta ƙare, ki riƙe awo da muhimmanci. In ya ce akwai haɗari na gaske, misali cikin ya zauna a kan tabon, ki nemi likita na biyu ya tabbatar, sannan ya halatta a cire, domin ran uwa tabbatacce ne kuma yara uku suna bayanki. A wannan halin jinkiri ba tsoron Allah ba ne, gara a yi da wuri, tun ana nesa da kwana 120. Dokar Ghana ma, tun gyaran 1985, ta yarda da cirewa idan ciki na barazana ga rai ko lafiyar mace, amma a hannun likita mai rajista, a asibitin da aka amince da shi.

Ƙwayar da ake miƙowa a ƙunshin takarda, babu kwali babu ranar lalacewa, ki nisance ta. Misoprostol matse mahaifa yake yi, mai tabo kuma ba ɗaya take da marar tabo ba, musamman in ciki ya fara girma. Mai kanti ba zai tambaye ki ko an taɓa yi miki aiki ba, kuma ba ya nan da tsakar dare in jini ya ɓalle. Ina faɗa wa sauran masu karatu, duk wadda ta riga ta sha ta ga jini yana jiƙa audugar mata biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, ko zazzaɓi, ko jiri, ko ciwon mara a gefe ɗaya mai tsanani, ta tafi asibiti nan take ta faɗi gaskiyar abin da ta sha. Tuba tana nan tana jiranta, ta fara tsira da ranta.

Ki kira maigida yau, kada ki jira ya dawo daga Bawku. Ɗan nasa ne, yana da haƙƙi a kai, ko cikin malaman da suka sassauta akwai waɗanda suka sharɗanta yardarsa. Kuma shi ne ya kamata ya tare miki bakin danginsa, ya nemo wadda za ta kama miki aikin gida da zaman kasuwa. In kina tsoron fushinsa ki sa mahaifiyarki ko wani babba da yake jin nauyi. Bayan kin sauka, ku je tare ku nemi hanyar tazarar haihuwa da ta dace da jikinki. Hana ciki shiga na ɗan lokaci da yardar ma'aurata halas ne, musamman ga wadda aka yi wa aiki, kuma ki sani shayarwa ba ta tsare mace daga ciki in yaro ya fara cin abinci ko ya wuce wata shida, wani lokacin ma kafin haka. Ki rubuto mini abin da likita ya ce. Wallahu a'alam.